Aikin auna cocin St Martin na Kantabari: inda na kwana da inda na tashi

8 ga Oktoba 2022

Toh bismillah. Na yanke shawarar duk abinda nayi a wannan aikin in riƙa rubuta shi, don na san halina, in ban rubuta ba nan da wata biyu zan manta ta ina na faro. Aikin makaranta ne a kwas ɗinmu na adana tsofaffin gine-gine, ance kowa ya zaɓi gini ɗaya ya auna shi ya zana shi, ya fito da tarihinsa daga jikin bangonsa ba daga littafi kaɗai ba, a ƙarshe kuma ya haɗa ɗan samfurinsa da kwali. 'Yan ajinmu kusan kowa katidral, wato babban cocin garin Kantabari na Ingila, ya ruga, ni kuwa na ɗauki wani ɗan cocin unguwa na 'yan Angilikan dake gabas da ganuwar garin, St Martin.

Kafin wani ya tambayi me ya kai ɗan Zariya musulmi coci, gini ne ya kaini. Kakana magini ne, kawuna har gobe magini ne, ni dai in naga tsohon bango ƙafata bata iya wucewa.

Yau naje karon farko. Zaka wuce kangon gidan sufaye na St Augustine, ka wuce tsohon gidan yarin da aka rufe a 2013, sai ka hau ɗan tudu kaga wata ƙofar katako mai 'yar rumfa a kai, irin wadda a da suke ajiye makara a ƙarƙashinta kafin limami ya fito ya tarbi gawa. Daga nan sai kaburbura da manyan itatuwa, cocin yana can sama. Gaskiya da na ganshi sai da gwiwata tayi ɗan sanyi, don babban ɗakin da jama'a ke zama tsawonsa kusan ƙafa 38 ne faɗinsa kusan 25, masallacin layinmu ya fishi girma nesa ba kusa ba. Amma wannan ɗan abin shine ake ɗauka mafi tsufan cocin unguwa a Ingila da har yau ba'a daina ibada a cikinsa ba, kuma tun 1988 UNESCO ta sashi cikin kayan tarihin duniya tare da katidral ɗin da kangon can dana wuce. Na tarar da ƙofa a kulle, laifina ne ban duba ranakun buɗewa ba, masu sa kai ne ke buɗe shi ba kullum ba. Sai na zagaya ta waje sau uku na dawo gida.

15 ga Oktoba

Yau na samu shiga. Wata dattijuwa ce ke tsaron ƙofa, da sanda da katon rigar sanyi, na gaisheta da ɗan rusunawa yadda muka saba sai ta rikice tana tambayata ko wani abu na yar a ƙasa. Da nayi mata bayanin aikina ai sai ta jawo min kujera ta ɓalle da labari kusan awa guda, na dawo gida na bi littattafai naga yawancin abinda ta faɗa haka yake.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Romawa sun mulki wannan yankin tun daga shekara ta 43 har wajen 410, garin ma su suka zagaye shi da ganuwa suna kiransa Durovernum. Bayan tafiyarsu ƙabilun da suka ƙetaro daga wajen Jamus suka mamaye ƙasar da addininsu na gargajiya. Wajen shekara ta 580 sai Ethelbert na gidan sarautar Kent, yankin da garin yake ciki, ya auro Bertha, 'yar sarki Charibert na Paris, ita kuma kirista ce, iyayenta suka kafa sharaɗin ba za'a rabata da addininta ba, har suka haɗota da bishop ɗinta mai suna Liudhard. Wani malamin coci da ake kira Bede, wanda ya gama rubuta tarihinsa a 731, shi ya faɗi cewa a gabashin garin akwai wani coci da aka gina da sunan Martin tun Romawa suna ƙasar, kuma nan sarauniya take zuwa addu'a. Paparoma Gregory ya turo Augustine da mutane kusan 40, a 597 suka sauka a tsibirin Thanet, sarki ya basu masauki, kuma a wannan ɗan ɗakin suka fara taruwa suna addu'a suna wa'azi suna yiwa mutane baftisma kafin sarkin da kansa ya karɓi addinin su samu damar gina manyan wurare.

Na zauna na lissafa, 597 fa saura shekara 25 ayi Hijira kenan, Manzon Allah (SAW) yana Makka ko wahayi ba'a fara saukar masa ba. Da na kawo wannan a raina sai na ɗaga kai na sake kallon bangon da wani ido daban.

Wani abu da mutanenmu ke ruɗewa akai, lokacin babu wani abu wai shi Angilikan. Cocin nan yayi shekara 937 ƙarƙashin Paparoma kafin sarki Henry na 8 ya ɓalle a 1534. Ginin bai motsa ba, masu shi ne suka canja shugaba.

29 ga Oktoba

Sati biyu ina fama da bangon kudu. Tef ɗin awo, zare, allon zane, fensir, sai waya don hoto. Ba'a yarda ka kafa ƙusa ko ka shafa alli a jikin gini ba, saboda haka da ɗan maƙale na roba nake riƙe zaren a jikin sanduna biyu dana kafa nesa da bango, iska tana kaɗawa ina sake gyarawa.

Bangon nan wallahi kamar bargon da aka yiwa faci shekara dubu. Akwai ƙanƙara, irin dutsen ƙyastu ɗin nan baƙi mai sheƙi in an fasa shi, ƙasar Kent cike take dashi. Akwai wani dutse ruwan toka, akwai farin dutse a kusurwoyi da bakin tagogi, sannan ga jan bulon Romawa wanda shine ya ɗauke min hankali. Ba irin bulonmu bane, siriri ne kamar faranti, na ɗora yatsu biyu sun kusa rufe kaurinsa amma tsawon wani ya haura ƙafa guda. In ka matsa kusa sosai kana ganin ɗan tsakuwa a cikinsa da wurin da wuta ta fi ci yayi duhu, har akwai wanda naga gansakuka ta zauna a ramin jikinsa kamar an shuka. A ɓangaren bagade, wato ɗan siririn ɗakin dake gabas inda limami ke tsayawa, rabinsa na yamma kusan duk wannan bulon ne an jera shi layi layi tsaf. A babban ɗaki kuwa duwatsu ne barkatai sai can ka ga layin bulo ya ratsa, ya ɓace, ya sake fitowa.

Akwai kuma ginshiƙan tokare bango, sirara manne a jiki, ɗaya a tsakiyar bangon kudu shi kuma zagayayye ne kamar an raba turmi biyu an jingina.

Na dawo gida cike da murna na ɗauki jan fenti na shafe duk inda bulon nan yake a zanena na rubuta a gefe, zamanin Romawa. Zanen yayi kyau ba ƙarya. Gobe agogo zai koma baya da awa ɗaya, ance daga yanzu biyar bata yi sai duhu.

2 ga Nuwamba

Malamarmu ta kalli zanen minti ɗaya bata ce komai ba, sannan tace wa ya gaya maka wanda ya toya bulon shine ya gina bangon. Shikenan. Aikin sati biyu. Na fito ko abincin rana ban iya ci ba.

11 ga Nuwamba

Yau ranar Martin ɗin ce a kalandarsu, shi wanda aka sawa cocin sunansa. Sojan Roma ne, labarinsa da kowa ya sani anan shine ya gamu da wani almajiri yana rawar ɗari a ƙofar garin Amiens ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya bashi rabi, daga baya ya bar soja ya zama bishop na garin Tours a Faransa ya rasu a 397. Gidan sarautar su Bertha suna girmama shi ƙwarai, shi yasa wasu ke ganin ita ce ta kawo sunan.

Amma ba wannan ne labarin yau ba. Da daddare na kira kawu a Zariya ta bidiyo, bayan gaisuwa da tambayar mutan gida nace kawu ku duba min wani bango, na tura masa hotuna na kwashe duk yadda mukayi da malama na faɗa masa ina neman wanda zai goya min baya. Yayi dariya har da tari, yace kai ɗan nan, yanzu wanda yaje ya saci ƙasar ganuwa ya buga tubali ya gina ɗaki, ɗakin nasa ya zama na zamanin sarauniya Amina kenan? Nayi shiru. Yace matar nan gaskiya ta faɗa maka, koma ka duba abu uku, bulon cikakke ne ko gutsattsari, girmansu ɗaya ne ko kowanne da nasa, sannan ka duba ko akwai tsohon kwaɓi manne a fuskar da bai kamata ace akwai kwaɓi ba. Yace magini mai sabon kaya baya jera ɓaraguzai, in kaga ɓaraguzai to kango aka rushe aka kwaso. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba fa, kuma abinda ke cikin littattafan da aka bamu kenan sak.

Kuma dama anan rigimar masana take. Kantabari bayan tafiyar Romawa kango ce cike da bulo kyauta, duk mai son gini sai ya tura amalanke. Saboda haka wasu sunce rabin ɓangaren bagaden nan ginin Romawa ne na ƙarni na 4, wataƙila ma hubbare ne tunda wajen gari yake inda suke binne matattu, aka gyarawa Bertha shi. Wasu sunce a'a, a zamaninta aka gina shi da tsohon bulo. Abinda kusan kowa ya yarda dashi shine wannan ɓangaren ya riga babban ɗakin, don tonon da akayi a ƙarshen ƙarni na 19 ya nuna tushen bangonsa ya zarce yamma ƙarƙashin daɓen babban ɗakin, kenan an rage masa tsawo ne aka jona masa sabon ɗaki mai faɗi da jama'a suka ƙaru, galibi ana danganta wannan da zamanin Augustine ko jim kaɗan bayansa.

Kafin mu rabu kawu ya tuna min da cocin St Bartholomew na Wusasa, na 'yan Angilikan ɗin ne shima, wanda aka gina da ƙasa a 1929 da hannun maginanmu, yace in na dawo in je in auna wannan ma in daina yiwa Turawa aikin banza.

19 ga Nuwamba

Na koma da idon kawu. A babban ɗaki gutsattsari sunfi yawa, kauri daban daban, har na samu guda biyu da tsohon kwaɓi mai ruwan hoda a manne a fuskarsu ta waje. A ɓangaren bagade sunfi daidaito.

Ƙofofi biyu da aka toshe a bangon kudu na ɓangaren bagade sune suka cinye min yinin. Ɗaya samanta a miƙe yake, ƙaton dutse guda aka gicciya, ita tun asali tare da bangon aka ginata kuma tana shiga wani ɗan ɗaki ne na gefe da yanzu babu shi. Ɗayar mai baka ce a sama, ita daga baya aka fasa bango aka sata, kana ganin yadda layin bulo ya katse a gefenta. Duk biyun yanzu an cike su da dutse. Na tsaya ina tunanin mutum nawa suka sunkuya suka shiga ta nan, sai ruwa ya sauko na tattara takardu na ruga ƙarƙashin bishiya.

26 ga Nuwamba

Aikin ciki yau, da izini. Dattijuwar nan ta kawo min shayi a fulas, yanzu Mama nake ce mata kuma ta amsa.

Abu na farko da zaka gani daga shiga shine kwarmin baftisma, kamar ƙatuwar ganga ta dutse. Labarin gari shine a ciki aka yiwa sarki Ethelbert baftisma, Mama ma da fari haka tace sannan ta kashe min ido. Ba zai yiwu ba, don adon jikinsa na zamanin Normawa ne, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, tazarar ta haura shekara 450. Na durƙusa na bishi da fitilar waya, ba dutse ɗaya aka fafe ba, ƙananan duwatsu ne aka jera hawa hawa aka haɗa, na ƙasa da zobba masu sarƙe juna na sama kuma da 'yan bakuna masu ratsa juna, kuma a wasu mahaɗan zanen baya haɗuwa daidai, zobe ya taho sai ya karye a bakin dutse na gaba, alamar an taɓa wargaza shi aka sake haɗawa. Dutsen farin nan ne na Caen da Normawa suke shigo dashi ta jirgin ruwa daga Faransa, kuma ana kyautata zaton asalinsa bakin rijiya ne a harabar katidral. Bakin rijiya! Ni wannan yafi burgeni akan labarin sarkin.

A kusurwar kudu maso gabas akwai ɗan gurbi a bango mai baka da ɗan rami a ƙasansa inda limami ke wanke hannu da kofin ibada ruwan ya zirare cikin bango ya shige ƙasa, shima aikin Normawa ne. Ta yamma kuma akwai 'yar kafa a ƙasa ƙasa wadda mutum zai leƙo daga waje ya hango bagade, ana cewa ta kutare ce da ba'a bari su shiga.

In ka juya ka kalli bangon yamma daga ciki, an bar shi tsirara ba yaɓe don mutane su gani. Can sama akwai wata doguwar baka a tsakiya da tagogi biyu hagu da dama, duk a toshe, don a ƙarni na 14 an gina hasumiya a jikin bangon ta waje ta rufe musu haske. Ƙararrawa uku ne a hasumiyar. Shima ɓangaren bagade an ƙara masa tsawo ta gabas wajen ƙarni na 12 zuwa na 13, shi yasa yanzu ya zama dogo siriri har ya kai babban ɗakin tsawo. Cocin gabas yake kallo kamar yawancin tsofaffin cocinsu, alƙiblarmu kuwa daga nan kudu maso gabas ce, na duba a waya don la'asar ta kusa kuma sai na gangara gari.

12 ga Disamba

Dusar ƙanƙara ta sauka jiya da dare. Yatsuna sun ƙi riƙe fensir. Uku da rabi rana ta fara faɗuwa. Ga kwamfuta ta mutu tana tsakiyar haɗa hotuna 400 da ɗoriya da nake so manhaja ta fitar min da siffar bangon, na kai wajen gyara sun riƙe ta kwana tara sun dawo min da ita fayil ɗin babu. Allah ya sa hotunan suna waya. Ba zan ƙara cewa komai ba yau.

14 ga Janairu 2023

Hutu ya ƙare. Wannan satin ban auna komai ba, karatu nayi akan tambayar da tafi damuna, ya akayi wannan ɗan ƙaramin ya rayu alhali ƙaton gidan sufayen dake ƙasansa, inda aka binne Augustine da Ethelbert da Bertha, ya zama kango. Amsar bata da wuya. A 1538 Henry na 8 ya rufe gidan sufayen ya kwashe dukiyarsa, aka ɓamɓare darmar rufi aka sayar da duwatsu. St Martin kuwa bashi da abinda sarki zai yi kwaɗayi, kuma na mutanen unguwa ne, nan ake sawa 'ya'yansu suna nan ake ɗaura musu aure nan ake binne su, ina za'a kaisu in an rushe. Ingila gaba ɗaya a yanke take gunduma gunduma kowacce da cocinta, kuma duk mazaunin gundumar yana da haƙƙi a wurin ko baya zuwa ibada. Tun ƙarni na 17 aka haɗa St Martin da cocin St Paul dake kusa da ganuwa ƙarƙashin limami ɗaya.

Ni da na ɗauka gwamnati ce ke kula dasu tunda cocin ƙasa ne. Ashe ba haka bane, nauyin gyara yana wuyan jama'ar wurin, su tara da kansu ko su nemi tallafi daga gidauniyoyi. Cocin Ingila yana da gine-gine kusan 16,000, sama da 12,000 a cikinsu doka ta sa musu kariya, kaga kuwa ba ƙaramin kaya bane a kan 'yan tsofaffin dake sayar da kek da shayi. Amma suna da tsari biyu da suka burgeni. Duk shekara biyar dole masanin gini yazo ya duba tun daga rufi har tushe ya rubuta rahoto, dokar tun 1955 take. Sannan ko kujera zaka cire ta dindindin ko ka huda bango sai ka samu takardar izini daga kotun coci ta dayosis, wato yankin dake ƙarƙashin bishop ɗaya. Yana da jan rai, naji masu ƙorafi, amma shi ya hana wani mai kuɗi ya wayi gari ya lulluɓe bulon Romawa da tayil don neman lada. Mu dai mun san yadda tsofaffin masallatanmu suka ƙare.

Sai maganar siminti. Tsohon bango da farar ƙasa aka kwaɓa shi, tana shan ruwa tana fitarwa kuma tana ɗan motsawa tare da gini. In ka cusa siminti a tsakanin bulon sai ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, sanyi yazo ya daskarar dashi ya kumbura ya ɓantare fuskar bulon, simintin na nan ƙyam bulon ya cinye. Daidai abinda ke faruwa in an yiwa ginin ƙasa filastar siminti a gida, shekara uku kaji tana ƙwanƙwasuwa kamar ganga, damina ɗaya ta zubo gaba ɗaya da rabin bangon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, anan ƙadangaren ruwa ne, shi yasa rabin rahoton masu duba ginin akan indararo da magudana yake ƙarewa.

Su ma fa Turawan sunyi ɓarna da sunan gyara. A ƙarni na 19 an kankare tsofaffin coci da yawa an mayar dasu sababbi fil, har sai da William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877 don a daina. St Martin shima an masa babban gyara a shekarun 1840 amma ya tsira da ƙashinsa.

28 ga Janairu

Na ɗan huta da bango na bi kaburbura. A ciki kusa da bagade akwai allon tunawa da John Finch, kakakin majalisar Ingila wanda a 1629 ya tashi zai rufe zama bisa umarnin sarki Charles na 1 sai 'yan majalisa suka danne shi a kujera da ƙarfin tsiya har suka gama karanta ƙudurinsu. Mu da muka ga an ruga da sandar majalisa a talabijin ashe ba mu muka fara ba. Ya gudu Holan a 1640 ya dawo ya mutu a 1660. A waje akwai kabarin Thomas Sidney Cooper mai zanen shanu da tumaki wanda ya rasu 1902 yana da shekara 98, da na Mary Tourtel mai zanen labaran yara wadda ta rasu 1948.

Daga saman maƙabartar kana hango hasumiyar katidral tsaf ta tsakanin itatuwa. A can ne aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop ranar 29 ga Yuni 1864, baƙar fata na farko da ya samu wannan muƙamin a Angilikan, wanda yayi aiki a bakin Neja har Lakwaja. Daga inda nake tsaye zuwa can tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, ta hanyar da akace Bertha ke bi ta fito ta wata 'yar ƙofar ganuwa da ake kira Queningate, wadda itama yanzu a toshe take sai alamar bakanta na jan bulo.

Abu ɗaya da nake son gani da idona baya garin. A ƙarni na 19 an tono wasu 'yan kayan zinariya a wannan yankin, cikinsu akwai wani ɗan tsabar zinari mai maratayi da sunan bishop Liudhard a jiki, shaidar da zaka riƙe a hannu cewa mutumin da Bede ya ambata da gaske yayi rayuwa. Yana gidan tarihi a Liverpool. Kuɗin jirgin ƙasa ne matsalar, sai dai in na samu tikitin bas mai araha.

18 ga Fabrairu

Na sake zanen bangon kudu daga farko, wannan karon takarda biyu. Ta farko kayan gini kawai take nunawa, ja bulon Romawa, baƙi ƙanƙara, ruwan ɗorawa dutsen Caen, ba ruwanta da shekara. Ta biyu ita ke nuna lokacin da aka ɗora kowane sashe, kuma rabin ɓangaren bagaden nan da ake rigima akai ban bashi launi ɗaya ba, na ja masa layi layi na launi biyu na rubuta ƙarni na 4 ko ƙarshen na 6. Malama ta duba tace yanzu ka fara aiki. Daga bakinta wannan kamar an baka kujerar Makka ne.

Samfurin kwali kuma ina kai, sikeli 1 bisa 50, na yanka shi gida huɗu yadda za'a iya zare hasumiya a ga tagogin da ta toshe, a zare ƙarin gabas, a zare babban ɗaki, a bar ɗan ɗakin farko shi kaɗai a tafin hannu. Da na zare komai na ajiye shi a tebur abokin zamana ya shigo yace wannan akwatin ashana fa. Rufin ne ya ƙi zama, sau biyu ina yankawa yana karkacewa, inaga awon da na ɗauka na kusurwar arewa maso yamma ne ba daidai ba don ranar hannuna na rawa.

Saura bangon arewa wanda ɗakin ajiyar kayan limamai ya rufe wani sashensa, saura hasumiya da har yanzu ina jiran izinin hawa, ga gam ya ƙare. Ina so in gama awon waje kafin azumi ya kama a ƙarshen Maris don ba zan iya tsayuwar yini a tudun nan da baki a bushe ba. Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu zan koma in sake auna kusurwar nan, Mama tace zata zo da tsani.